Raƙuman Ƙwallon Dabino Za Su Ci Garkar Marayu

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure, manya da yara. Admin don Allah ka saka mini wannan ba tare da sunana ba, kuma sunayen da za ku gani ciki duk na canza su, don garinmu ƙarami ne, in ka yi tari a tasha sai an ji a kasuwa. Jikata ce ta sa ni cikin gurup ɗin nan, na daɗe ina karanta rigingimunku ina dariya, yau ga tawa ta zo. Ni tsohon mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, na aje alli tuntuni, ina zaune a Madawa. Ku ba ni shawara don girman Allah, domin ana shirin sayar da garkar albasar wasu marayu, wato lambunsu, wadda ita kaɗai ce cinsu da shansu, don a biya bashin raƙuma goma sha biyu, kuma in ka cire mai bin bashin, ni kaɗai na rage a duniya wanda ya san cewa raƙuman nan ƙwallayen dabino ne. Ba tsufa ne ya taɓa mini kai ba, ku bi ni a hankali za ku gane.

A farkon shekarun tamanin, zamanin soja, anka kai ni Buza koyarwa, ina saurayi ban yi aure ba. Akwai wani Bature da ke koyar da lissafi a koleji, da zai koma ƙasarsu sai ya bar mini wani kwali, ciki da littafi na Faransanci da ƴaƴan lido masu ban mamaki, wani fuska takwas, wani goma sha biyu, wani har ashirin. Wasa ne da ake yi da baki. Mutum ɗaya shi ne mai labari, shi ke faɗin inda kuke da abin da ya tare ku, sauran kowa ya ɗauki mutum guda ya zama shi, ya faɗi abin da zai yi, in abin na sa'a ne a jefa ɗan lido ya raba gardama. Na Baturen duk dodanni ne da takubba da sarakunan da ban san ƙasarsu ba, na karanta na ce wannan ba tamu ba ce. Sai na zubar da dodannin na maida shi fatauci irin wanda kakana ke ba mu labari. Na zana hanya a bayan takardar buhun siminti, ga Adar, ga Agadas, ga Kawar inda ake ɗauko gishiri, ga Kano inda ake sayarwa. Ƙwallon dabino shi ne raƙumi, ƙwallon magarya kantun gishiri, tsakuwa kuɗi. Kowace Lahadi bayan azahar sai mu shimfiɗa tabarma a inuwar bedin gidana, wato itacen dogon yaro, a ɗora shayi, ayari ya tashi.

Ni ne mai labari, ƴan wasa uku ne. Akwai Assumana, malamin gona, ɗan Karofane, mutum mai sanyi da kunya, shi anka yi madugu. Akwai Shaibu majon likita, wato ma'aikacin jinya, Allah ya jiƙan shi, shi dai dariya ta kawo shi, in ƴan fashi sunka tare ayari shi ne farkon gudu. Sai Illa, mai yanka tikiti a kasuwa. Kai jama'a, Illa! Ban taɓa ganin mutumin da son abin duniya ya cinye irin shi ba. Wannan ko ƙuda ya faɗa mishi cikin fura sai ya tsotse shi kafin ya yar. Tsohuwa mai tallan kuka ta zo da ɗan kwanonta, sai ya yanka mata tikiti, in ta juya ya sake tare ta ya ce bai gane ta ba. Ba mu gayyace shi ba, ƙamshin shayi ya biyo, ya zauna ya ga ana maganar riba, daga ranar bai sake tashi ba.

Ni na shirya wasan ne don a sha labari, guguwa ta taso, rijiya ta ƙafe, a yi ciniki da Buzaye, a ɓata hanya a gane. Illa ya maida mini shi kanti. Sai ya tsaida mu tun shayin farko har na uku yana tayin kantun gishiri guda da wani ɗan kasuwa da ni na ƙago da bakina, yana rantsuwa da Allah cewa bai ci riba ba. Rantsuwa fa, a kan ƙwallon magarya! Cikin ɗan lokaci ya fi kowa dukiya, har wasan ya fara lalacewa, don mai raƙuma da yawa babu abin da ke ba shi tsoro, komai ya taso sai ya biya. Na sa musu kuɗin fito, na sa ciwon raƙuma, na sa hakimai masu karɓar gaisuwa, duk da haka garken Illa ƙaruwa yake. Sai wata rana Shaibu ya kama hannunshi yana zaro ƙwallaye daga aljihu. Ashe dabino yake saye a kasuwa, ko in ce yake karɓa hannun masu talla, ya ci a gida, ya wanke ƙwallayen ya zo mana da su. Babban mutum mai albashi yana satar raƙuman wasa. Ko kunya bai ji ba, cewa ya yi raƙumanshi ne sunka haihu. Daga nan na ɗauko jan biron da nake gyaran kayen yara, wato littattafan rubutunsu, na sa wa kowane ƙwallo alama, wanda babu ja a jikinshi ba raƙumi ba ne.

Sannan munka zauna munka tsara yadda za a riƙa yi da riba, don a huta da gardama. Duk abin da anka samu a tafiya yana shiga gwangwanin madugu, babu mai taɓawa sai ayari ya dawo gida. In an dawo, a fara maida wa kowa jarinshi, a cire ɗaya cikin goma ladan madugu, saura a raba. To ana haka sai a wata tafiya ƴan fashi sunka kama mutumin Shaibu sunka tafi da shi, kowa na jimami ana tunanin yadda za a fanso shi, Illa kuwa lissafi yake. Shi ya kawo ƙarin doka, ya ce wanda bai iso gida da ƙafarshi ba ba shi da rabo, don me za a ba wanda bai sha wahalar ƙarshen hanya ba? Assumana ya ce wannan ba zumunci ba ne, Shaibu ya yi dariya ya ce a bar mishi, Illa ya nace har anka yarda. Ranar ya kwashi rabon Shaibu yana murmushi har kunne. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, amma Illa bai taɓa sauraron karin maganar da babu kuɗi ciki ba.

Munka shekara kusan uku muna wasan nan. Sai tafiyar da ta kawo wannan masifa. Ayari ya ɗauko gishiri daga Kawar, Illa na da raƙuma goma sha biyu cike da kaya, duk dukiyarshi ya zuba don na ba su labarin cewa gishiri ya yi wuya a Kano. Ran wata Lahadi bai zo ba, an tafi da shi zagayen haraji wajen Tabotaki. Al'adarmu in mutum bai zo ba ba a tsaida ayari, madugu ke riƙe mutuminshi, ni kuma in jefa mishi ɗan lido kamar kowa, kuma Illa ya san da haka, ya sha cin moriyar hakan ranakun da Shaibu ke gadi a likita, wato asibiti. Anka sauka wata rijiya, na jefa wa kowa na lafiya, na Illa ya faɗi a kan ɗaya, mafi muni ke nan. Zazzaɓi ya kwantar da mutuminshi, ba ya iya hawa raƙumi. Na ce wa madugu zaɓi biyu ne, ko ku jira shi ya warke wasu ayarori su riga ku shiga Kano farashi ya faɗi, ko ku wuce. Assumana ya dubi Shaibu, Shaibu ya ce mishi, "Madugu, da shi ne a wurinka, da yanzu mun kai Kano." Sai Assumana ya ce a bar mishi salkar ruwa da ɗan guzuri, a kora raƙumanshi a tafi. Sunka shiga Kano, ɗan lido ya ba su kasuwa irin wadda ba mu taɓa gani ba, sunka sayar da gishiri, sunka sayar har da raƙuman Illa, sunka dawo Adar sunka raba gwangwani su biyu bisa dokar da shi ya kafa. Wallahi ranar mun yi dariya har shayi ya ƙone.

Lahadi ta gaba Illa ya zo da sabuwar hula, ya zauna ya ce ina munka tsaya. Da anka gaya mishi, sai da na ga jijiyar wuyanshi ta tashi. Ya ce an ci amanarshi, ya ce Assumana ɓarawo ne ɗan ɓarawo, ya zagi Karofane da mutanenta kaf. Assumana ya ce dokarka ce. Illa ya ce dokar ta riba ce, ba ta ce a cinye jari ba, a maido mishi raƙumanshi goma sha biyu. To a nan, tsakani da Allah, a cikin wasa yana da ƴar gaskiya, dokar ba ta ambaci jari ba, kuma ni a raina na yi niyyar in sa wani makiyayi ya tsinci mutuminshi ya kawo shi gida, in sa madugu ya biya shi raƙuman, a ci gaba. Amma bai bar ni na buɗe baki ba. Ya sa ƙafa ya kifar da butar shayi a kan taswira, ya ja tabarma ƙwallaye sunka watse, ya fita yana cewa sai ya kai mu jandarma. Ku ji fa, jandarma. Na so ƙwarai ya je, in ga fuskar kumandan lokacin da zai kwance mishi ƙwallayen dabino a kan tebur. Kafin zuciya ta huce takardar canjin wuri ta zo mini, anka maida ni Ibohaman cikin Keita, Shaibu anka kai shi wani wuri inda ya rasu bayan ƴan shekaru, wasa ya mutu ban yanke hukunci ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe ta fara. Duk inda na haɗu da Illa, a tasha ko wurin biki ko wurin gaisuwar mutuwa, kafin ya tambayi iyali sai ya ce, "Mushe, har yanzu ina nan bakin rijiya?" Da fari ina dariya, na ɗauka raha ce, daga baya na lura ba ya murmushi in ya faɗa. Allah ya sa dukanmu uku munka ƙare a Madawa. Illa ya bar tikiti ya koma dillancin filaye, aikin da ya dace da shi, yana sayar da fili guda ga mutum biyu ya ce kuskure ne. Assumana kuwa ya bar aikin gwamnati tun da sauran ƙarfinshi, ya koma karatun addini, ya sayi garka a fadama yana noman albasa, har ya zama limamin unguwarsu. Illa bai taɓa bin shi salla ba, gara ya taka zuwa wata unguwa da ciwon gwiwarshi. In an tambaye shi dalili sai ya ce, "Ya cinye mini raƙuma goma sha biyu tun muna Buza, ku tambaye shi." Bai taɓa ƙarawa da cewa na dabino ne ba. Mutane sunka ɗauka wani tsohon fatauci ne ya haɗa su, shi kuma Assumana in an kai mishi maganar sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya kyauta.

Dalilin shirunshi shi ne abin da ya ɗaure ni yau. Assumana da ya zama liman ya tsananta ƙwarai a kan karta da lido da duk wasan da ake jefa wani abu, kusan duk wa'azinshi sai ya taɓo su. Ni ban ga laifin abin da munka yi ba, ko dala ba mu taɓa ajewa ba, iyaka wanda ya yi asara a tafiya shi ke sayen sukari na Lahadi mai zuwa. Amma shi abin ya tsaya mishi a rai kamar wani babban zunubi. Wata rana ya zo gidana musamman, ya kama hannuna ya ce, "Mushe, abin nan na Buza amana ne tsakanina da kai, ina raye ko na mutu kada ƴaƴana su ji." Na ce haba Malam, ƙuruciya ce fa. Ya ce a'a, sai na yi mishi alkawari. Na yi, har na ce Allah shaida, don a lokacin ban ga ranar da wani zai tambaye ni ba.

Bana ciwo ya kwantar da shi. Babban ɗanshi, in kira shi Nuhu, shi ke jinya. Nuhu ya ce mini ranar da jikin ya tsananta uban ya kira shi ya ce, "Illa na bina raƙuma, ban sallame shi ba, ku nemo Mushe ya raba mu." Lokacin ina Tawa wurin ɗiyata, ko da na iso bakinshi ya rufe, yana dubana kawai, washegari Allah ya karɓi abinshi. Ni na san abin da yake nufi. Mutum ne mai tsoron haƙƙi, ƙiyayyar shekara arba'in ta dame shi, yana so in zo in yanke hukuncin da ban yanke ba, a maida wa Illa ƙwallayenshi ya ce ya yafe, ya tafi da zuciya fara. Amma yaron ba haka ya ji ba, shi raƙuma ya ji, masu ƙafa huɗu da tozo.

Kun san yadda ake yi, bayan an sallaci gawa sai wani daga dangi ya tashi ya ce duk wanda ke bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, kada a bar shi da nauyi a kabari. Yawanci shiru ake, mai bi ma sai ya je gida a asirce, ko ya ce ya yafe. Illa, wanda bai taɓa tsayawa bayan mutumin nan yana raye ba, ranar shi ne a sahun gaba. Kafin mai sanarwa ya rufe baki ya ɗaga sanda ya ce shi yana bi, raƙuma goma sha biyu da kayan gishirinsu. Gawa na ajiye a gabanmu, jama'a! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don kunyar da shi bai ji ba ni ta kama. Nuhu ya ce ya sani, mahaifinshi ya yi wasiyya da bakinshi, za a biya. Bayan sadakar uku Illa ya je gidan da lissafinshi a kan farashin raƙumi na yau, kuma don a san shi mutumin kirki ne, wai ya yafe gishirin saboda zumunci. Tir da wannan zumunci.

Assumana bai bar komai ba sai gidan da suke ciki da garkar nan. Matarshi tana takaba, akwai ƙanana huɗu, biyu na lakwal, duk albasar garkar ke ciyar da su. Ko an sayar da ita da rijiyarta da injin ban ruwa da kyar ta kai kuɗin da Illa ya yanka. Kuma ku ji wani abin, mai sayen da ya fito, Illa ne ya kawo shi, ke nan har ladan dillanci zai ci a kan garkar da za a sayar a biya shi.

Na je gidanshi. Na sayi dabino a hanya, na zauna na cinye goma sha biyu da haƙoran da sunka rage mini, na wanke ƙwallayen na sa musu jan biro, na kai mishi. Na ce Illa ga hukuncin da kake jira, makiyayi ya tsince ka, ka iso gida, madugu ya biya ka jarinka, ga raƙumanka, ka bar marayu su ci abinci. Wallahi tallahi sai da ya ƙirga su. Ya ƙirga ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu, sannan ya ce wannan na wasa ne, na gaskiya na nan tafe. Na ce wane na gaskiya, kai ko jaki ka taɓa mallaka a Buza? Ya ce shi bai roƙi kowa ba, mamaci ne ya amsa da bakinshi, ko na fi mamaci sanin abin da ke wuyanshi? Ya ce shekara arba'in ana mishi kallon mahaukaci, an yi mishi dariya a gaban shayi, wannan kuɗin wulaƙancin ne. Na zage shi iyakar zagin da tsoho ke iyawa, na ce mishi kura ma ba ta cin gawar maƙwabci da rana, ko a jikinshi. Da zan fita sai ya ce, in na kuskura na ce wasa ne, shi kuma zai zauna a tasha ya gaya wa duk mai kunne cewa limaminsu shekara uku yana jefa ɗan lido a gidan wani mushe, kuma caca ce, don wanda ya faɗi shi ke sayen sukari. Ban san yadda ya sansano alkawarin da ke tsakanina da Assumana ba, amma irin su hancinsu na jin inda mutum ke da rauni. Har yau ban iya rarrabewa ko ya san ƙarya yake ko kuwa ya maimaita ta har ta zama mishi gaskiya, kuma ban damu ba, duk biyun ƙazanta ce.

Na san da yawanku za su ce Baba mi ke da wuya, ka faɗi gaskiya kawai, babu bashi a wasa. Ni ma na san babu. Amma ku ji wane ne Nuhu. Mutanen unguwa sun riga sun tsaida shi a wurin ubanshi, shi ke ba da salla yanzu, kuma ba don yawan karatunshi ba, don sunan uban ne. Yaron nan yana ɗan shekara goma sha biyu uban ya kama shi yana lido da abokai a bayan masallaci, ya yi mishi dukan da sai da anka kai shi wurin mai ɗori, har yau ɗan yatsanshi guda a karkace yake. Kuma ba ya jin haushi, alfahari yake da shi. Na sha jin shi yana nuna wa samari yatsan yana cewa wannan ne ya shiryar da shi, mahaifinshi mutum ne da bai taɓa taɓa abin wasa da hannunshi ba tun da anka haife shi. To ni ne zan zaunar da shi in ce ɗana, hannun da ya karya maka yatsa ya fi kowa iya jefa mai fuska ashirin? Kuma in faɗa bayan na ce Allah shaida ba zan faɗa ba, ga mutumin da ba ya nan balle in je in ce ya sake ni? In na yi shiru kuma, mace mai takaba da ƴaƴa huɗu za su koma sayen albasa da tiya a kasuwar da suke kai buhu, don wani tsohon banza ya sayi babur.

Na gwada hanyar tsakiya. Na ce wa Nuhu kada ya yi gaggawa, bashin nan akwai magana ciki, ya bar ni da Illa. Ya ce shi ba ya iya barci, duk ya rufe ido sai ya ga mahaifinshi a tsare saboda haƙƙin wani. Na ce to a kai wa alƙali, Illa ya kawo shaidu. Ya ce ba zai kai wasiyyar ubanshi gaban shari'a ba kamar yana tuhumar shi da ƙarya, kuma ai shaida na nan, ni ne, uban da kanshi ya ambace ni. Na nemi in ga uwar, tana takaba, ta aiko cewa duk abin da Mushe ya ce shi ke nan, don Malam bai yarda da kowa ba kamar ni.

Jiya da hantsi yaron ya zo gidana, ya durƙusa, ya ce an tsaida Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci, za a zauna a zauren gidansu da dattawan unguwa da mai saye da Illa, kuma ni za a fara ba magana. Na ɗauka zai tambaye ni ko bashin gaskiya ne. Bai tambayi wannan ba. Cewa ya yi, "Baba, tsorona ɗaya, kada ya zama Baba Illa ya ji nauyinmu ne ya rage. In sun fi goma sha biyu don Allah kada ka ɓoye mini, ina da babur, matata ma ta ce a haɗa da awakinta."

Na ce mishi ya je zan zo. Ƴan uwa, malamai da ke cikin zauren nan da masu hankali, Juma'a jibi ce. In karya alkawarin mamaci in ƙwace wa yaron nan uban da yake taƙama da shi, ko in riƙe bakina a miƙa wa Illa garkar marayu ina zaune ina kallo? In akwai wata hanya ta uku da tsufa ya hana ni gani, don Allah ku nuna mini ita kafin a ce Mushe bisimilla.